Janairun 2012 a Kano: Nazarin Makonni Ukun da Musulmi da Kirista Suka Yi Gadin Juna

A ranar Lahadi 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, kuma kafin mutane su farga litar da ake saya naira 65 ta koma kusan naira 141, a wasu gidajen man ma ta zarce haka. A daidai wannan lokaci ne mai magana da yawun Boko Haram, wanda ake kira Abul Qaqa, ya bai wa 'yan Kudu mazauna Arewa wa'adin kwana uku su tattara nasu ya nasu su bar yankin. Mako guda kafin nan, ranar Kirsimeti, bom ya tashi a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla a jihar Neja, gomman masu ibada suka rasu, sannan a ranar 31 ga Disamba aka ayyana dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomi 15 na jihohin Borno da Yobe da Filato da Neja. Kano ba ta cikin jerin, amma duk wanda ya san garin ya san cewa a nan aka fi fargabar abin ya fashe, domin a nan ne talakan da tsadar mai ta fusata da baƙon da wa'adi ya firgita suke cin kasuwa ɗaya.

Wannan nazari ya taƙaita ga makonni ukun da suka biyo baya, daga ranar ƙarin kuɗin mai zuwa Juma'ar 20 ga wata, saboda a cikinsu ne aka ga abin da Kano ba ta saba gani ba. Kiristoci sun yi gadin Musulmi suna salla a kan titi, Musulmi sun shiga coci-coci ranar Lahadi sun ba da tabbacin kariya, kuma da musiba mafi girma ta auko garin bai afka wa kansa ba kamar yadda ya sha yi a baya. Abin bincike shi ne dalilin da ya sa hakan ta yiwu a wannan karo, da kuma inda abin ya tsaya, tun da akwai masu ba da labarin tamkar an warkar da ciwon, alhali ɗaure shi kawai aka yi.

Gadon da garin ya tashi da shi

Rabuwar mazauni tsakanin mabiya addinan biyu a Kano ta girmi haɗewar Najeriya kanta. A 1900 ayarin 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Dokta Walter Miller, ya iso birnin, amma Sarki Alu bai bar su sun zauna ba, ya umarce su da su fice cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci garin a 1903 sai suka lura cewa zaman lafiyarsu da sarakuna ya rataya ga nesanta mishan daga cikin ganuwa, don haka da jirgin ƙasa ya iso a 1911 ya shiga sauke akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo, aka yanka musu unguwa ta daban a 1913, wato Sabon Gari. Sunayen titunanta har yau suna faɗin inda mutanen suka fito: Abeokuta, Enugu, Warri, Freetown, Gold Coast. Tun farko akwai Musulmi a cikinta, musamman Yarabawa da Nufawa, da masallatansu, amma a bakin mutumin cikin birni ta zama wurin coci da giya, kamar yadda shi ma cikin birnin ya zama, a wajen mutumin Sabon Gari, wurin da ba a shiga bayan magariba. Tsarin ya haifar da jama'a biyu da suke haɗuwa kullum a ciniki, suna bin juna bashi, suna jin harshen juna daidai gwargwado, amma da wuya ɗaya ya san ƙofar gidan ɗaya.

A kan wannan shimfiɗa ne rikice-rikicen suka riƙa sauka. A Oktoban 1982 an yi tarzoma a Fagge kan faɗaɗa ginin wani cocin Angilikan da ke kusa da masallaci, aka ƙona coci-coci. A Oktoban 1991 shirin taron wa'azin Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya jawo asarar rayuka da dukiya mai yawa, kuma ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen Musulmi a lokacin shi ne an hana Ahmed Deedat, mai wa'azin Musuluncin nan na Afirka ta Kudu, irin wannan dama. A Oktoban 2001 zanga-zangar adawa da harin Amurka a kan Afganistan ta rikiɗe ta koma kan maƙwabta. A Mayun 2004, bayan kisan gillar da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shandam ta jihar Filato, ramuwar gayya ta faɗa kan Kiristocin da ke zaune a unguwanni irin su Sharaɗa, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe sun haura 200. Sai rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda a lokacin da muke magana a kai bai cika wata tara da wucewa ba.

Idan aka jera waɗannan za a ga salo ɗaya yana maimaita kansa. Sau da yawa daga wani gari ake kunno wutar, taro ya fita da manufa bayyananna, 'yan daba su ƙwace ragamarsa, sannan wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne Kiristan da ya amince da maƙwabtansa har ya kama haya a tsakiyarsu. Gaskiya ne cewa a kowane karo an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, wasu ma suka sa nasu ran cikin haɗari, amma bayan ƙura ta lafa waɗanda aka ɓoye ɗin sukan kwashe kayansu su koma Sabon Gari ko kusa da bariki. Ta haka kowace tarzoma ta riƙa rage adadin mutanen da za su iya cewa sun san juna a gida.

Sahu a kan kwalta

Kwanaki kaɗan bayan ƙarin kuɗin mai, ɗalibai da 'yan ƙungiyoyin farar hula da matasan unguwanni suka mamaye shataletalen Silver Jubilee da ke kan hanyar gidan gwamnati, suka raɗa masa suna Dandalin 'Yanci, koyi da dandalin Tahrir na Alƙahira wanda labarinsa ya cika duniya shekara guda kafin nan. Niyyarsu su kwana a wurin har sai an mayar da farashi. Ba addini ne ya tara su ba, kuɗin mota ne da kuɗin awo, amma taron da zai wuni ya kwana a Kano dole lokacin salla ya riske shi, kuma a nan ne abin ya faru. Da aka kira salla mutane suka yi alwala da ruwan leda, aka shimfiɗa kwalaye da rawuna da 'yan tabarmin da aka samu, aka tayar da sahu a kan kwalta, sai matasa Kiristoci da ke cikin taron suka riƙe hannun juna suka kewaye masu sallar, fuskokinsu na kallon waje. Hotunan sun bazu a Facebook da Twitter, jaridu ma suka ɗauka.

Ya kamata a tsaya a kan wannan hoto, domin wanda ba ya salla zai iya ɗaukarsa kwalliya ce kawai. Mai salla ba ya waiwaye, ba ya amsa kira, kuma idan ya kai goshinsa ƙasa babu abin da yake gani sai inda ya yi sujada. Duk wanda ke tsaye a bayansa a wannan lokaci yana da cikakken iko a kansa. A garin da aka shafe shekara talatin ana zargin juna, ɗaruruwan mutane su ba da bayansu ga waɗanda aka saba kira da sunaye marasa daɗi, su kuma waɗancan su tsaya tsakaninsu da 'yan sandan da ke riƙe da bindiga, wannan magana ce da ta fi ƙarfin duk wata takardar bayan taro. An ce koyi ne da abin da Kibɗawa, Kiristocin Masar, suka yi a dandalin Tahrir, kuma haka ne, sai dai koyi ba ya rage nauyin abu idan haɗarin da aka ɗauka na gaske ne.

Taron bai daɗe ba. Cikin daren da ya wayi garin Alhamis 5 ga wata 'yan sanda suka tarwatsa shi da barkonon tsohuwa, aka jikkata mutane da dama. A ranar Litinin 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka fara yajin aikin gama-gari, jama'a suka yi dafifi zuwa gidan gwamnati, aka yi harbi, aka rasa rayuka, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta sa dokar hana fita. A waɗannan kwanaki labaran da ke shigowa daga waje irin waɗanda suka saba kunna Kano ne: an buɗe wa masu ibada wuta a wani coci a Gombe, an kashe 'yan ƙabilar Ibo da suka taru zaman makoki a Mubi, a can Kudu kuma tun ƙarshen Disamba an jefa abin fashewa a wata makarantar Islamiyya a Sapele, an kai wa masallaci hari a birnin Benin. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna, kuma tashar manyan motocin safa ta New Road ta cika da masu tafiya.

Yadda tsoron ya kasance a ƙasa na gan shi a wajen wani baffana mai rumfar takalma a kasuwar Sabon Gari, wanda ya yi fiye da shekara goma yana maƙwabtaka da wani Ibo mai sayar da jakunkuna. Ranar Asabar, washegarin abin da ya faru a Mubi, wayar mutumin ba ta huta ba, 'yan'uwansa na gida suna ta roƙonsa ya taho. Wajen la'asar ya jawo ƙofar rumfarsa ya datse da kwaɗo biyu, ya zo da makullan da wani littafi mai baƙin bango ya ajiye a gaban baffa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa: "Alhaji, ga makulli, ga littafin masu bashi. In na dawo, to. In ban dawo ba, ka sayar da kaya ka aika wa madam." Baffa ya ce masa: "Haba Oga, ka zauna mana. In wani abu ya taso ai gidana gidanka ne." Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce shi ba ya shakkar Alhaji ko kaɗan, amma gidan Alhaji yana unguwar Kurna, kuma tsakanin kasuwa da Kurna akwai mararraba da yawa. Ban taɓa jin an bayyana matsalar Kano a taƙaice kamar yadda wannan ɗan kasuwa ya bayyana ta ba, domin amincin da ke tsakanin mutum da mutum bai taɓa yin ƙaranci a garin ba, hanyar da ke tsakanin gidajensu ce ba ta da mai lamuni.

Alkawari da ziyarar ranar Lahadi

Ƙoƙarin samar wa wannan hanya mai lamuni shi ne mataki na biyu. Wasu Musulmi 'yan boko da 'yan kasuwa da matasa, waɗanda Injiniya Bashir Ishaq Bashir yake cikin jagororinsu, suka zauna da shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN reshen Kano, wadda Bishop Ransom Bello yake shugabanta a lokacin, aka fitar da matsaya ta haɗin gwiwa da aka sani da Alkawarin Kano. Gundarinta shi ne ɓangarorin biyu sun yi tir da zubar da jini da sunan addini, kuma kowanne zai tsaya wa ɗan'uwansa. A ranar Lahadin da ta faɗo tsakiyar watan ayarin Musulmin ya zagaya manyan coci-cocin garin, ciki har da babban cocin Katolika na Our Lady of Fatima da cocin ECWA mai ibada da Hausa, suka tsaya a gaban jama'a suka roƙe su da kada su gudu, suka shaida musu cewa masu ba da wa'adi ba da yawun Musulmin Kano suke magana ba.

Shiga coci ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya tashi a cikin birni, kuma ba kowa ne ya yaba ba. Akwai waɗanda suka ga an wuce gona da iri, an kai ziyara inda ake faɗin abin da ya saɓa wa tauhidi. Masu kare matakin suna da hujjojinsu daga cikin gida: aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta bayyana cewa Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi saboda addini ba kuma ba su fitar da su daga gidajensu ba, da karɓar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa tawagar Kiristocin Najran a Madina. Abin lura, a ganina, shi ne babu wanda aka nema ya sassauta aƙidarsa. Baƙin ba su shiga ibadar ba, masu masaukin ba su dakatar da tasu ba, ba a taɓo maganar matsayin Annabi Isa ba, wadda kowa ya san ba za a daidaita a kanta ba. Kano ta saba da muƙabala, inda ake zuwa da littattafai don a kayar da abokin magana, kuma irin wannan zama yana da masoyansa, amma bai taɓa hana kowa hawa motar gudu ba. Abin da aka tattauna a ranar shi ne rai da rumfa da makarantar yara, kuma a kan waɗannan kowane ɓangare yana da nassin da ya ishe shi ba tare da ya ari na wani ba.

Tsayawa a cocin da ake ibada da Hausa tana da ma'ana ta musamman da ba a cika ambata ba. Masu zama a kujerun wannan coci da yawansu ba su da wata Kudu da za su koma. Daga cikinsu akwai 'yan kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, akwai kuma Hausawa 'yan asalin jihar, jikokin Maguzawa daga ƙauyukan yankin Tudun Wada da Sumaila da Rogo, masu sunaye irin su Musa da Saratu da Ishaya, waɗanda Allah da Ubangiji suke kira a addu'arsu kamar kowa. Wa'adin barin Arewa ba shi da ma'ana a wajensu, kuma kasancewarsu kaɗai ta rushe lissafin nan mai sauƙi da ke cewa Bahaushe Musulmi ne, Kirista kuma baƙo.

Juma'ar 20 ga wata

A ranar Litinin 16 ga wata gwamnatin tarayya ta sauko da farashin zuwa naira 97, ƙungiyoyin ƙwadago suka janye yajin aiki, kasuwanni suka fara buɗewa. Kwana huɗu bayan haka, da yammacin Juma'a wajen ƙarfe biyar, Boko Haram ta kai hare-hare a lokaci guda kan shalkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da shalkwatar jiha da ke Bompai, da wasu ofisoshin 'yan sanda, da ofishin fasfo na hukumar shige da fice da ke Farm Centre, da ofishin 'yan sandan ciki na SSS. Adadin da hukuma ta bayar shi ne mutum 185, mafi yawansu fararen hula da harbi ya rutsa da su a kan titi, kuma cikinsu akwai Enenche Akogwu, wakilin gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. Ɗakin ajiyar gawa na asibitin Murtala ya cika har ya kasa ɗauka, kuma a can ne Musulmi da Kirista suka sake tsayawa kafaɗa da kafaɗa, wannan karon kowa yana ɗaga mayafi yana neman nasa. An sa dokar hana fita ta awa 24, Shugaba Jonathan ya zo ranar Lahadi ya yi wa Sarki Ado Bayero ta'aziyya a fada.

Bisa salon da aka saba, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne tarzoma, ko dai a Kano ko a garuruwan Kudu da gawawwaki za su isa, amma a Kano ba a yi ba. Ba a yi ba kuma bayan harin da aka kai wa Kiristoci masu ibada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilun 2012, inda malaman jami'a suke cikin mamatan, haka nan bayan bom ɗin tashar New Road na ranar 18 ga Maris 2013, wanda aka dasa a tsakiyar Sabon Gari da niyyar da ba ta ɓuya ga kowa ba. Zai zama rashin adalci ga gaskiya a jingina wannan duka ga takardar alkawari. Sojoji sun cika tituna, shingayen bincike sun hana taro, tsoro kansa ya zaunar da mutane a gida. Mafi girman dalili kuwa shi ne maharan sun kashe kowa ba tare da tambayar sunansa ba, kuma harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado a Janairun 2013, da na babban masallacin Juma'a na ƙofar fada ranar 28 ga Nuwamban 2014 wanda ya ci fiye da mutum 100, sun rufe bakin duk mai cewa yaƙin Musulmi ne da Kirista.

Duk da haka ina ganin makonni ukun farko sun yi wani aiki da bindiga ba ta iya yi. Sun riga maharan isa ga zukatan jama'a da fassarar abin da ke faruwa. Kafin bom na farko ya tashi a ranar 20 ga wata, mutanen garin sun riga sun ga hoton da ke nuna su a gefe ɗaya, sun riga sun yi makonni biyu suna fushi da abu ɗaya, shugabannin coci sun riga sun ji daga bakin Musulmi, a cikin cocinsu, cewa wa'adin ba nasu ba ne. Wanda zai hau mumbari ko bagadi bayan haka don ya ɗora laifi a kan maƙwabci sai ya fara ƙaryata abin da mabiyansa suka gani da idonsu. A 2004 babu irin wannan riga-kafi. Jita-jita ce ta fara isa, sannan shugabanni suka biyo ta a baya suna roƙon a kwantar da hankali.

Inda abin ya tsaya

Kalmar da ta fi yawo a bakin Musulmin da suka yi wannan aiki, da masu goyon bayansu, ita ce amana: waɗannan mutane amana ce a hannunmu, kuma cin amana ba halin Musulmi ba ne. Kalma ce mai ƙarfi, tana da tushe a fiƙihu da al'ada, kuma ita ce ta sa dattijo ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce wa matasa sai dai su bi ta kansa. Amma amana tana da mai bayarwa da mai karɓa, tana da mai gida da baƙo, kuma a nan ne Kiristan da aka haifa a Kano, aka haifi ubansa a Kano, yake samun kansa cikin wani hali: ana kare shi, amma a matsayin wanda aka yi wa alfarma. Ƙorafe-ƙorafen da shugabannin Kiristoci suka daɗe suna yi, na wahalar samun fili da takardar mallaka don gina coci a wajen Sabon Gari, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda takardar shaidar zama ɗan asalin jiha take yi wa wasu wuyar samu, duk ba batutuwan amana ba ne, batutuwan haƙƙin ɗan ƙasa ne, kuma ziyarar rana ɗaya ba ta da hurumin warware su. Suna hannun ma'aikatar filaye da ma'aikatar ilimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, wuraren da ba a ɗaukar hoto.

Su ma Musulmi suna da abin da ba a zauna an saurara ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 aka kuma kafa hukumar Hisba a 2003, zancen giya da gidajen rawa na Sabon Gari yake tsakanin doka da kawar da kai, ba tare da an fito fili an shata iyaka da yardar mazauna unguwar ba. Akwai kuma jin cewa idan an taɓa Bahaushe mai facin takalmi ko mai sayar da albasa a Kudu, muryoyin da ke tashi ba su kai na lokacin da aka taɓa coci a Arewa ba. Sama da duka akwai batun ɓatanci ga Annabi, wanda shi ne wurin da tattaunawa ta fi rauni, domin kowane ɓangare yana tsoron buɗe shi. Kisan da aka yi wa wata dattijuwa 'yar kasuwa Kirista a kasuwar Ƙofar Wambai a Yunin 2016 bisa zargin ɓatanci ya samu tofin Allah tsine daga manyan malamai da hukumomi, kuma bai zama tarzoma ba, amma sallamar waɗanda aka gurfanar a kansa bayan 'yan watanni ta bar wa Kiristocin garin tambayar da har yau suke yi, wato ko tabbacin da aka ba su a coci yana aiki a ranar da zargi ya fito daga bakin maƙwabcin rumfa.

Wani rauni kuma shi ne waɗanda suka jagoranci abin a 2012 galibi masu ilimin boko ne da ke da wayar shiga intanet, alhali matashin da ke ɗaukar gora ranar tarzoma ba ya cikin zaman, kuma wanda yake jin maganarsa shi ne mai unguwa da limamin masallacin layi da shugaban tashar da yake lodi. Majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, tana nan tun 1999 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi da shugaban CAN, amma tazarar da ke tsakanin ɗakin taronta da mararrabar da ɗan kasuwar nan ya ji tsoro tana da yawa, kuma Alkawarin Kano bai rikiɗe ya zama tsari na dindindin a matakin unguwa da zai cike ta ba.

Maƙwabcin baffa ya dawo a cikin watan Maris na shekarar. Baffa ya miƙa masa makullansa da littafinsa, da kuɗin mutum uku da suka zo biyan bashi a bayansa, a ɗaure da roba, kowanne da 'yar takardar da aka rubuta sunan mai shi da ajami, wanda sai da baffa ya karanta masa. Ya ci gaba da kasuwancinsa a rumfar, suna cin abincin rana a benci ɗaya, yana kai wa baffa gaisuwar salla, baffa yana tsare masa rumfa idan ya tafi gida Kirsimeti. Matarsa da 'ya'yansa huɗu kuwa, waɗanda dukansu a Kano aka haife su kuma Hausa ce a bakinsu, ya sa su makaranta a can garinsu, ya saki gidan da suke haya ya kama ɗaki ɗaya a Sabon Gari, kuma ba su sake dawowa da zama ba.